Soro A Kan Teku: Labarin Jiragen Dakon Birtaniya Da Jiragen Da Suka Ratsa Samaniyar Jigawa

Musun ya fara ne a ɗakin kwananmu, wani dare da aka ɗauke wuta, muka taru mu biyar a kan wayar mutum ɗaya muna kallon tsohon bidiyon Yaƙin Duniya na Biyu. A ciki an nuno wani ƙaton jirgin ruwa, doronsa a shafe kamar filin ƙwallo, ƙananan jiragen sama suna tashi daga kansa ɗaya bayan ɗaya. Sai wani daga cikinmu, ɗan Kiyawa, ya ce, "To mu ina ruwanmu da wannan? Mu da ko kogin kirki sai mun je Ringim ko Haɗeja?" Aka tuntsire da dariya. Amma da muka bi diddigin maganar a kwanakin da suka biyo baya, sai muka tarar ashe da ruwanmu.

Ɗauki taswirar Nijeriya, ka aza rula daga Kano zuwa Maiduguri. Layin zai bi ta ɗan arewa da Dutse, ya ratsa tsakiyar abin da a yau ake kira Jihar Jigawa. A wancan lokacin babu jihar, sai a 1991 aka ƙirƙire ta, Dutse kuwa gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga Satumbar 1940, wannan layin ya zama wani yanki na babbar hanyar da Birtaniya ke bi da jiragen yaƙinta zuwa Masar.

Dalili shi ne, a watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Tekun Bahar Rum, wadda ita ce gajeriyar hanya daga Ingila zuwa Masar, ta zama tarko. Zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu kuwa tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka ɓullo da dabara: a kawo jiragen sama ta ruwa zuwa tashar Takoradi da ke Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, daga nan Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yanzu ita ce Injamena, su ratsa Sudan zuwa Khartum, su gangara Alƙahira. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ke nan, ta kwana biyar ko shida in an yi sa'a. Hanyar ba baƙuwa ba ce sarai, domin jiragen sama na farko da suka sauka a Kano, a Nuwambar 1925, daga Masar suka taso. Abin da ya buɗe ta a 1940 shi ne matakin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya ɗauka a watan Agusta na bin Faransawan da suka ƙi miƙa wuya. Nijar ba ta yi haka ba, don haka matuƙin da hazo ya ɓatar ya karkata arewa wajen Damagaram, ba hannun abokai zai faɗa ba. Kafin ƙarshen 1943, jirage sama da 4,000 sun bi wannan hanya.

Akasarinsu a cikin akwatuna aka kawo su, a jiragen ruwa na haja. Amma a watannin farko, lokacin da Masar ke cikin matsi, sai da aka sa jiragen ruwa masu dakon jiragen sama, waɗanda za mu riƙa kira jiragen dako don sauƙi. Wani mai suna Argus ya sauke jirage ƙirar Hurricane a Takoradi a farkon Satumbar 1940. Wani kuma, Furious, ya yi sawu uku: Nuwambar 1940, Janairun 1941, da Maris ɗin wannan shekara.

A sawu na biyu ne aka yi wani abin da ya fi komai ba mu dariya, ya kuma sa muka fara tambayar ko lafiya. Ranar 25 ga Disambar 1940, Argus da Furious suna cikin ayarin jiragen ruwa guda a Tekun Atlantika, sai wani jirgin yaƙin Jamus mai suna Admiral Hipper ya far musu. Ga jiragen dako har biyu a cikin ayari, amma aka kasa tayar masa da hari ko ɗaya. Jiragen saman da ke iya harba topido, wato makamin nan da ke gudu a cikin ruwa ya huda cikin jirgi, suna kan Argus. Su kuwa topidon suna cikin Furious, wanda aka cika maƙil da jiragen da za a kai Takoradi. Kafin a share wuri a haɗa mai harbi da abin harbi, masu rakiya sun kori Bajamushen, ya ɓace a cikin hazo. Kamar dai a ce ɓarawo ya shigo gari, baka yana gidan wannan, kwari yana gidan wancan.

Yaya aka yi ƙasar da ta fi kowa alfahari da sojojin ruwa ta sami kanta a haka?

Tsofaffin jirage, aron matuƙa

Birtaniya ta shiga yaƙi a 1939 da jiragen dako bakwai, amma guda ɗaya ne kawai na zamani, wato Ark Royal, wanda aka kammala a 1938. Hermes an ƙera shi don wannan aiki tun asali, sai dai ƙarami ne. Sauran biyar duk kwaskwarima ce. Argus jirgin fasinja ne da ake ƙera wa wani kamfanin Italiya, aka saye shi aka shimfiɗa masa doro a 1918, ga shi da nawa. Eagle jirgin igwa ne da ƙasar Chile ta yi oda. Furious da 'yan uwansa biyu, Courageous da Glorious, manyan jiragen sintiri ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, kuma ba a cikin ruwa take ba, a ofis take. Ranar 1 ga Afrilun 1918 aka kafa rundunar sojojin sama ta Birtaniya, aka haɗe mata duk jiragen saman sojojin ruwa da matuƙansu da masanansu. Shekara 21 ana tafiya a haka: jirgin ruwa na wannan runduna, jiragen saman da ke kansa a ƙarƙashin waccan. Sai a watan Mayun 1939, saura wata uku da 'yan kwanaki a fara yaƙi, sojojin ruwa suka karɓi abinsu. Duk wanda ya taɓa ganin keken haya da na mai shi ya san yadda abin zai kasance. Sojojin sama hankalinsu na kan jiragen da za su kare Landan, na teku sai abin da ya rage. A Amurka da Japan kuwa, sojojin ruwa ne ke riƙe da jiragensu tun farko.

Sakamakon haka shi ne jirgin da ake kira Swordfish. Fukafuki biyu gare shi, wani bisa wani, jikinsa an lulluɓe da yadi, mutum uku na zaune a ciki babu rufi, gudunsa kuma bai wuce kilomita 230 a awa ba. Sai Fulmar, wanda aka ɗora wa aikin kare jirgin dako daga hari. An yi shi da kujera biyu, domin an yi imanin matuƙi shi kaɗai ba zai iya gano hanyar komawa a tsakiyar teku ba, sai da mai duba taswira a bayansa. Hujja ce mai kyau, amma mutum na biyu da kayansa nauyi ne. Fulmar bai kai kilomita 450 a awa ba, alhali Messerschmitt na Jamus ya haura 550.

Kada a raina tsohon Swordfish ɗin nan, ya yi abin a zo a gani. A daren 11 ga Nuwambar 1940, guda 21 suka tashi daga jirgin dako Illustrious suka afka wa tashar Taranto ta Italiya, suka nakasa manyan jiragen igwa uku, biyu kawai aka kakkaɓo a cikinsu. A watan Mayun 1941 kuma, wani daga kan Ark Royal ya sami ƙaton jirgin Jamus Bismarck a sitiyarinsa na ƙarƙashin ruwa, ya hana shi tserewa. Amma duka biyun cikin duhu ne ko mummunan yanayi, inda babu jiragen abokan gaba masu gudu. Ranar da aka tura su da rana tsaka, 12 ga Fabrairun 1942, a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, guda shida suka tafi, babu wanda ya dawo. Cikin mutum 18, an rasa 13.

Soro ko kwano?

A nan ne musun namu ya fi zafi, kuma a nan ne ɗan Kiyawan nan ya dawo cikin maganar da ƙarfinsa, domin kakansa magini ne.

A 1936, lokacin da ake zana sababbin jiragen dako, yarjejeniyar da manyan ƙasashe suka sa wa hannu a Landan ta ƙayyade cewa kada nauyin kowanne ya wuce tan 23,000. Babban jami'in da ke kula da ƙere-ƙeren sojojin ruwa, Admiral Reginald Henderson, ya dubi inda jiragen za su yi aiki: Tekun Arewa da Bahar Rum, ƙuntatattun ruwaye da ke kusa da filayen jiragen saman abokan gaba. A lokacin na'urar rada mai hango jirgi tun daga nesa ba ta shigo aiki ba. Kafin mai gadi ya hango maharan da idonsa, a tayar da jiragen kariya su yi sama, an riga an gama zuba bamabamai. Sai ya yanke cewa tunda ba za a iya hana bam sauka ba, to a yi jirgin da zai sha bam ya tsira.

Haka aka haifi Illustrious da 'yan uwansa, Victorious da Formidable. Zauren da ake ajiye jiragen sama a cikinsa, wanda ke ƙarƙashin doron, an mayar da shi akwatin ƙarfe: rufinsa sulke mai kaurin inci 3, bangonsa inci 4 da rabi. In an ga hari, a shigar da jirage cikin akwati, a rufe, a bar bindigogi su yi aiki.

Abokinmu ya ce ai wannan ɗakin soro ne. Wanda ya yi rufin soro ya huta da fargabar gobara, amma ya san abin da ya saya. Ƙasar da ke kan azara nauyi gare ta, dole bango ya yi kauri don ya ɗauke ta, tsawon azara kuma shi ke yanke faɗin ɗaki, sai fa in an yi dabarar baka. Mai rufin kwano kuwa yana iya buɗa ɗaki yadda ya so da kuɗi kaɗan, sai dai ranar da iska ko wuta ta zo, sai addu'a. Amurkawa kwano suka zaɓa. Jiragensu irin su Yorktown da Enterprise doronsu katako ne a kan siririn ƙarfe, zaurensu a buɗe ta gefe iska na shiga.

Nauyi a saman jirgin ruwa ya fi na soro haɗari, domin in ya yi yawa jirgin kifewa zai yi. Tunda kuma an ƙayyade tan 23,000, kowane tan da aka ba sulke, an ƙwace shi ne daga wani wuri. Ark Royal, wanda ba shi da sulke a doro, zaurensa hawa biyu ne, yana ɗaukar jirage sama da 50. Illustrious, mai kusan girmansa, hawa ɗaya aka iya yi masa, jirage 36. Enterprise yana fita da sama da 70.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Tsayin zauren Illustrious ƙafa 16 ne. Da aka ga jirage sun yi kaɗan, aka yi wa na baya, Implacable da Indefatigable, hawa biyu, amma don a rage nauyi sai aka dawo da tsayin ƙafa 14. Jiragen sama kuwa kullum ƙara girma suke yi. Da Birtaniya ta karɓi jirgin Corsair daga Amurka, wanda ke naɗe fukafukansa sama in an ajiye shi, sai da aka datse inci 8 daga bakin kowane fiffike kafin ya shiga zauren ƙafa 16. Na ƙafa 14 kuwa bai shiga ba sam. Haka ma lif ɗin da ke saukar da jirgi daga doro zuwa zaure: an yi shi ƙarami, faɗin ƙafa 22, don kada a yi wa sulken babbar kafa. Hurricane, wanda faɗinsa daga fiffike zuwa fiffike ƙafa 40 ne kuma ba ya naɗewa, bai iya sauka ta nan ba, sai dai ya kwana a waje. Man jirgi ma haka. An adana shi cikin tankunan da aka kewaye da ruwa don gudun gobara, abin da ya yi amfani ƙwarai, amma sai ya zama galan kusan 50,000 kawai Illustrious ke ɗauka, lissafin da aka yi don jirage 36 masu ƙananan injuna.

Ranar gwaji ta zo a 10 ga Janairun 1941, kusa da tsibirin Malta. Jiragen Jamus ƙirar Stuka, masu surowa daga sama kamar shaho, suka taru a kan Illustrious. Jiragen kariyarsa 'yan kaɗan ne, wasunsu ma sun bi wasu maharan Italiya ƙasa-ƙasa. An zana sulken ne don bam mai nauyin fam 500, Jamusawa suka zo da wanda ya ninka haka. Wasu bamabaman suka sami wajen lif, inda babu sulke, ɗaya kuma ya huda sulken kansa ya fashe a cikin zaure. Mutum 126 suka mutu. Duk da haka jirgin bai nutse ba, da injinsa ya lallaɓa zuwa Malta, daga nan Iskandariyya, daga bisani aka kai shi Amurka gyara, ya shafe kusan shekarar ba ya fagen daga. A watan Mayu, Formidable ya sha irin wannan kashi kusa da tsibirin Kirit, shi ma ya bi sahu zuwa Amurka.

Masu goyon bayan sulke a ɗakinmu suka ce, ka gani, da kwano ne da ya tafi ƙasan teku. 'Yan adawa suka ce da yana ɗauke da jiragen kariya 30 masu gudu, da rabin bamabaman ba su iso ba. Har yau masana tarihin yaƙi suna wannan musu, ba mu ne za mu raba musu gardama daga Dutse ba. Amma mu dai mun fi karkata ga cewa laifin Henderson kaɗan ne. Da abin da ya sani a 1936, da irin jiragen saman da aka bar masa, zaɓinsa na mai hankali ne. Abin da ya yi masa ƙafar ungulu shi ne rada, wadda ta iso cikin 'yan shekaru ta mayar da jirgin kariya abin dogaro, bayan an riga an narka ƙarfe. Jirgin ruwa irin wannan shekara uku zuwa huɗu ake ƙera shi, wasu ma fiye, ba riga ba ce da za a mayar wa tela.

Shi kuwa Ark Royal, abin da ya ci shi kowane ɗan Nijeriya zai gane shi nan take. Ranar 13 ga Nuwambar 1941, yana dawowa daga kai wa Malta jirage, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya same shi da topido ɗaya tak. Ruwa ya shiga ɗakunan tukunyar tururi, tururi ya ɗauke. Ashe duk wutar lantarkin jirgin daga tururin take, babu janareton dizal ko ɗaya na ko-ta-kwana. Wuta ta ɗauke, famfunan kwashe ruwa suka tsaya. Washegari da safe ya kife, saura kimanin kilomita 50 ya kai Jibralta. Mutum ɗaya kawai aka rasa, amma jirgin da ya fi kowanne suna ya tafi. Mai shagon aski a kasuwar Dutse ba zai yi wannan kuskuren ba.

Inda soro ya rama

A 1945, da jiragen dakon Birtaniya suka koma Tekun Fasifik, sun tarar Japan ta riga ta fito da matuƙan ƙunar baƙin wake da ake kira kamikaze, masu afka wa jirgin ruwa da jirginsu gaba ɗaya. Ranar 4 ga Mayu ɗaya ya faɗo a doron Formidable. Mutum 8 suka mutu, jiragen da ke waje suka ƙone, doron ya lotsa. Aka kashe wuta, aka cike ramin da siminti mai saurin bushewa da farantin ƙarfe, kafin faɗuwar rana jirage na sauka a kansa. Mako guda bayan haka, 11 ga Mayu, guda biyu suka faɗo wa Bunker Hill na Amurka, doronsa cike da jirage shaƙe da mai. Kusan mutum 400 suka mutu, bai sake komawa yaƙin ba. Manyan jiragen dakon Birtaniya biyar da suka yi aiki a yaƙin Okinawa duk kamikaze ya taɓa su, babu wanda ya nutse.

Sai dai a faɗi gaskiya, hare-haren da aka kai wa Amurkawa a kusa da Okinawa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Kuma a lokacin Turawan Ingila sun riga sun ari al'adar Amurkawa ta jera jirage a waje a kan doro, har Illustrious ya koma ɗaukar sama da 50, wato an bar jirage a wajen akwatin da aka gina don ɓoye su. Yawancin jiragen ma ƙirar Amurka ne: Corsair, Hellcat, Avenger. Ɗaya daga cikin na gida da suka rage, Seafire, wato shahararren Spitfire da aka yi wa ƙugiyar sauka, ƙafafunsa matsattsu ne kuma marasa ƙwari, sauka a doron jirgi ta lalata su fiye da yadda abokan gaba suka yi. Ga kuma zafi. An zana jiragen nan ne da sanyin Tekun Arewa a rai, sai ga su a ƙasashen zafi, rufaffen akwatin ƙarfe rana na dukansa tun safe. A nan kam kwatancen abokinmu ya karye, domin soro sanyi gare shi a watan Afrilu, wannan kuwa tanda ce.

Bayan yaƙi sai aka ga wani kuɗin da ba a biya ba tukuna. Tunda akwatin sulken wani ɓangare ne na ƙashin jirgin, dukan da ya sha ya shiga jiki, ɗaga rufin zaure don jiragen zamani kuma sai an kusan rushe jirgin. Formidable bai sake wani aikin kirki ba, aka sayar da shi a 1953. Victorious kaɗai aka sabunta, aikin da ya ci shekara takwas, daga 1950 zuwa 1958. Su kuma Amurkawa, da yarjejeniyar nauyi ta faɗi, sai suka ƙera Midway mai nauyin tan 45,000, suka sa masa sulke a doro, suka kuma sami wurin jirage fiye da 100.

Cikin bakwai ɗin nan da Birtaniya ta fara yaƙi da su, an nutsar da Courageous tun a Satumbar 1939, Glorious a Yunin 1940, Ark Royal a Nuwambar 1941, Hermes a Afrilun 1942 kusa da Siri Lanka, Eagle kuma a Agustan wannan shekara. Biyun da suka ga ƙarshen yaƙin su ne Argus da Furious, tsofaffin nan da aka mayar 'yan dako, waɗanda kayansu suka sauka a Kano suka sha mai, suka wuce ta kan gonakin gero da gyaɗar kakanninmu zuwa Maiduguri. An sayar wa 'yan gwangwan Argus a 1946, Furious kuma a 1948.